Kafin Ka Kira Mai Gyaran Wuta: Abin Da Ya Kamata Maigida Da Uwargida Su Sani



Da zarar bazara ta kankama a cikin watannin Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 a Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram, kuma a sa'an nan ne kowane gida ke kunna duk abin da ya mallaka a lokaci guda. Fanka tana juyawa a kowane ɗaki, firigo yana aiki dare da rana domin ƙanƙarar da uwargida ke sayarwa, wanda Allah ya hore wa kuma ya kunna kilim. To, amma da yawa daga cikin gidajenmu an ja musu waya ne tun zamanin da bukatar iyali ba ta wuce ƙwan fitila ɗaya a ɗaki da akwatin rediyo ba. Iyali sun ƙaru, kayan lantarki sun ƙaru, an gina sababbin ɗakuna a tsakar gida, ita kuwa wayar tana nan yadda take shekara ashirin ko talatin da suka wuce, a ƙarƙashin kwanon rufi mai zafi kamar tanda.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna a kan mutumin da kowa ke nema idan abu ya lalace, wato mai gyaran wuta. Sau da yawa ba ma tunawa da shi sai wuta ta ɗauke a gidanmu alhali ta maƙwabta tana nan, sai a aiki yaro ya kira duk wanda aka gani da filaya a aljihu. Alhali kuwa aikin da zai yi cikin sa'a ɗaya yana iya zama sanadin kwanciyar hankalin iyali na shekaru, ko kuma, Allah ya kiyaye, sanadin gobara da tsakar dare. Dukiya da rayukan iyali amana ce a wuyan maigida, zaɓen wanda zai taɓa wayar gida kuwa wani yanki ne na wannan amana.

Inda hurumin kamfani ya tsaya

Kamfanin lantarki na ƙasa, NIGELEC, an kafa shi a 1968. Tun 1976 ake kawo wa Yamai wuta daga Nijeriya ta layin Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram kuma suna samu ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, yayin da Agadas da Arlit ke dogara ga gawayin da kamfanin SONICHAR ke haƙowa a Anu Araren. An ƙara da tashar Goru Banda mai aiki da mai a 2017, da ta hasken rana mai megawat 30 a 2023. Ba mu manta da abin da ya faru a watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turowa har zuwa farkon 2024. A watannin nan ne gidaje masu yawa suka sayi gurup, wato janareta, ko faranti na hasken rana, aka kuma jona su cikin gaggawa, wasu bisa ƙa'ida, wasu yadda aka ga dama.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, aikin kamfani yana ƙarewa ne a kan kontar, wanda ƴan uwanmu na Nijeriya ke kira mita, tare da babban disjontar da ke kusa da shi. Waɗannan biyu an ɗaure su da darma, kuma ba mai ikon kwance darmar sai ma'aikacin kamfani da ya zo da izini. Duk abin da ya biyo baya kuwa, daga tabulo zuwa ƙwan fitilar bayan gida, nauyin mai gida ne. Saboda haka idan matsalar tana kan fal-waya, ko a wayar da ta sauko zuwa kontar, ofishin kamfani za a je. Idan tana cikin gida, a nan ne ake neman mai gyara.

Alamomin da gida ke nunawa

Waya ba ta kama wuta haka kawai ba tare da ta yi gargaɗi ba, mu ne dai ba ma saurare. Uwargida da yara su ne suka fi zama a gida, don haka su ne suka fi cancanta a sanar da su waɗannan alamomi. Warin roba mai ƙuna a kusa da piriz, wato ramin bango da ake jona kaya, ko a kusa da makunni. Piriz da ya yi baƙi, ko wanda in an taɓa shi a ji ɗumi. Ƙarar tsartsatsi a cikin bango ko a tabulo. Fitilun gida su dusashe duk lokacin da firigo ya tashi ko aka jona dutsen guga. Disjontar da ke faɗuwa a kai a kai. Jikin firigo, ko ƙofar ƙarfe, ko kan famfo, ya riƙa fizgar hannu, musamman idan mutum yana tsaye ba takalmi. Bango ya riƙa ja bayan an yi ruwan sama.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba abin da za a ce bari sai ƙarshen wata ba ne. Mafi haɗari shi ne dabarar nan da ta zama jiki, ta ɗaure disjontar da igiya don kada ya faɗi, ko a musanya fiz ɗin da ya ƙone da guntuwar waya mai kauri ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli. Fiz ya ƙone ne domin ya fanshi gida. Wanda ya hana shi ƙonewa ya mayar da ƙunar cikin bango, inda ba mai gani sai hayaƙi ya fito.

Wane ne ma'aikacin ƙwarai?

Masu wannan sana'a a garuruwanmu iri biyu ne. Akwai waɗanda suka bi ta makarantun koyon sana'a, irin su makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da cibiyar Kalmaharo a Yamai, da cibiyoyin koyon sana'o'i na ƙananan hukumomi, suka fito da takardar CAP ko BEP. Akwai kuma waɗanda suka tashi a hannun wani babban ma'aikaci, suna ɗaukar masa jaka shekara da shekaru har hannunsu ya faɗa. A cikin kowane ɓangare akwai gwanaye, akwai kuma ƴan tsinci-faɗi. Takarda shaida ce mai kyau, amma ba ta wadatar ba, rashinta kuma ba aibi ba ne idan mutum yana da aikin da zai nuna.

Hanya mafi aminci ita ce ta bincike a unguwa. A tambayi maƙwabcin da aka yi wa aiki shekara biyu ko uku da suka wuce, ba wanda aka yi wa jiya ba, domin aikin lantarki sai ya ga bazara da damina sannan ake sanin ingancinsa. A tambayi kwamitin masallacin unguwa wa ya ja musu waya. A tambayi magina da masu kafinta, don sun san wanda ke gama aiki da wanda ke karɓar kuɗi ya ɓace. Mutumin da ke da shago ko wurin zama sananne ya fi wanda ba a san komai game da shi ba sai lambar salula.

Idan ya zo, a lura da yadda yake fara aiki. Ma'aikacin kirki yakan fara da tambaya: kayan lantarki nawa ne a gidan, yaushe aka ja wayar, a wane lokaci matsalar ta fi tashi. Yakan buɗe tabulo ya duba, ya kewaya ɗakuna, kafin ya ambaci kuɗi. Yana da na'urar awo, wadda suke kira miltimetir, ba testa kaɗai ba, kuma kayan aikinsa suna da mariƙin roba da bai tsage ba. Yakan sauke disjontar kafin ya taɓa waya, sannan ya gwada ya tabbata wuta ta mutu. Wanda ke aiki a kan wuta mai rai don ya burge mutanen gida, yana cewa jikinsa ya saba, to ba gwaninta ya nuna ba, kuma wanda bai tausaya wa ransa ba, da wuya ya tausaya wa gidan wani.

Kada maigida ya ji nauyin tambaya. Yana iya cewa: "Malam, wace lambar waya za ka sa wa layin kilim, kuma me ya sa?" Wanda ya san aikinsa zai amsa cikin sauƙi, har ya ji daɗi an tambaye shi. Wanda ya ce, "Alhaji, kai dai ka bar mini, ai duk waya ɗaya ce," to a sallame shi da mutunci, a nemi wani.

Ɗan lissafin da ba ya fin ƙarfin kowa

Ba sai mutum ya zama injiniya ba kafin ya gane ko ana yi masa aiki daidai. Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 220 ce. Kowane kayan lantarki an rubuta yawan wat ɗin da yake ci a jikinsa. Idan aka raba wat da 220, sai a sami ampiya, wato yawan wutar da za ta ratsa waya. Fanka tana cin wajen wat 60 zuwa 75, ke nan ba ta kai rabin ampiya ɗaya ba. Dutsen guga kuwa yana cin wat 1000 zuwa 2000, haka ma ƙarfen dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti. Abin da ke cin wat 2200 yana jan ampiya 10 shi kaɗai. Idan aka haɗa dutsen guga da ƙarfen dafa ruwa da firigo a kan ralonj ɗaya siririya, an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ƙa'idar da makarantun sana'a ke koyarwa a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci ita ce wadda ake kira NF C 15-100. A bisa ita, layin fitilu yana tafiya da waya mai lamba 1,5 da disjontar da bai wuce ampiya 16 ba. Layin piriz yana tafiya da waya mai lamba 2,5 da disjontar na ampiya 20. Murhun lantarki yana bukatar waya mai lamba 6 da disjontar na ampiya 32. Manyan kaya, irin kilim da injin wanki da tukunyar ɗuma ruwan wanka, kowanne da nasa layi daban tun daga tabulo. Launin waya ma yana da ma'ana: shuɗiya ita ce ta komawar wuta, mai ratsin kore da rawaya ita ce ta ƙasa, ja ko baƙa ko mai ruwan ƙasa kuwa ita ce mai rai. Wanda ya ja gida duka da launi ɗaya don ya rage kuɗi, ya haƙa wa duk wanda zai zo gyara bayansa rami.

Abin lura a nan shi ne, disjontar yana tsaron waya ne. Idan aka sa babban disjontar a kan siririyar waya, waya za ta narke shi kuwa yana tsaye bai faɗi ba. Saboda haka maganin disjontar mai yawan faɗuwa ba a sa wanda ya fi shi girma ba ne. Ko a rage kaya, ko a ja sabon layi.

Mai tsaron ran mutum kuwa wata na'ura ce daban, ita ce ake kira diferansiyel mai miliampiya 30. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ta ga wani abu ya zurare, ko ta jikin yaro ko ta jiƙaƙƙen bango, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ampiya ba tana iya rikita bugun zuciya ta kashe babban mutum, alhali disjontar na ampiya 16 ko motsi ba zai yi ba. Gidan da ke da ƙananan yara, gidan da ake alwala sau biyar a rana ana taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu, bai kamata a ce ba shi da wannan na'ura ba. Tana da ɗan maɓalli da aka rubuta wa T, a riƙa danna shi sau ɗaya a wata don a tabbata tana aiki.

Abokin tafiyarta shi ne layin ƙasa. Sandar ƙarfe ce mai rufin tagulla, tsawonta wajen mita biyu, ana kafa ta a ƙasa mai damshi, a haɗa ta da tabulo, daga nan waya mai ratsin kore da rawaya ta bi kowane piriz. A ƙasa mai rairayi irin tamu, wadda ke bushewa ƙamas da rani, sanda ɗaya ba lalle ta isa ba. A nemi ma'aikaci ya auna, kuma ya auna da rani, awon kada ya wuce om 100. Ba a ɗaura layin ƙasa a jikin bututun ruwa. Piriz mai baki uku wanda ba a haɗa masa wayar ƙasa ba kuwa ado ne kawai.

Ciniki da yarjejeniya

Mafi yawan rigimar da ke kai maigida da ma'aikaci gaban mai unguwa tana tasowa ne daga kalma guda: "Yi aikin, ma daidaita." Malamanmu na fiƙihu sun sharɗanta a babin ijara cewa aiki ya zama sananne, lada ma ya zama sananne, tun kafin a fara. Hikimar wannan a fili take, domin abin da aka bari a duhu shi ne ƙofar husuma. Hausawa ma sun hana cinikin biri a sama.

Saboda haka a nemi takardar ƙiyasi, wadda ake kira debi, ko da a kan takardar littafin ƴan makaranta ce. A rubuta kayan da za a saya ɗaya bayan ɗaya: nadin waya nawa, mai lamba nawa, disjontar nawa, na ampiya nawa, piriz da makunnai nawa, tiyo mita nawa. A ware kuɗin kaya daban, ladan aiki daban. A fayyace ko jinga ce, wato kuɗi ɗaya a kan aikin duka, ko kuwa biyan yini ne. A ambaci ranar farawa da ranar gamawa, da wanda zai toshe bangon da aka fasa, da tsawon lokacin da ma'aikaci zai dawo ya gyara kyauta idan aikinsa ya ba da matsala. Idan aikin babba ne, a karɓi debi daga mutum biyu ko uku a gwada. Wanda kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na saura, a binciki lambar wayar da ya rubuta, galibi a nan ne ragin yake. Araha ba ta ado, ragin jika biyu ko uku kuma ba ya maida ɗakin da ya ƙone.

Game da biya, abin da ya fi zama adalci ga kowa shi ne a ba da kafin alƙalami daidai gwargwado, a biya wani kashi idan aiki ya yi nisa, a riƙe ragowa har a gwada komai. Amma da zarar an gwada an gamsu, to a biya nan take. Shari'a ta yi kashedi mai tsanani ga wanda ya sa mutum aiki, ya karɓi aikin cikakke, sannan ya riƙa yi masa jeka-ka-dawo. Ma'aikacin nan yana da iyali, yana da yaran shago da ke jiran nasu kaso da maraice. Kuma maigidan da aka sani da cika alkawari shi ne wanda ake amsa kiransa da ƙarfe biyu na dare.

Sai batun sayen kaya. Ya fi kyau maigida ya tafi tare da ma'aikaci, ko kasuwar Katako ce a Yamai ko shagunan kayan gini na garinsu, ya biya da hannunsa ya karɓi faktir. Kasuwa ta cika da wayar jabu, wadda cikinta gorar ruwa ce aka shafe ta da tagulla. Gorar ruwa tana ɗaukar wajen kashi 60 cikin 100 ne kawai na abin da tagulla mai kauri ɗaya da ita ke ɗauka, tana saurin zafi, tana kuma karyewa a wurin haɗi. Gane ta ba wuya: a kankare bakin wayar da wuƙa, in cikin ya fito fari to jabu ce, ta gaske ja ce har ciki, kuma nadinta ya fi nauyi a hannu. Haka nan akwai disjontar na jabu da ba ya faɗuwa ko waya na ci da wuta. Idan kuma aka wakilta ma'aikaci ya sayo, to ya sani shi wakili ne, ragin da mai shago ya yi na mai kuɗi ne, sai fa in an yi da shi a sarari cewa yana da la'ada. Ƙara farashi a faktir, ko a karɓi kuɗin waya 2,5 a sa 1,5 a binne cikin bango, ha'inci ne, kuma alhakin duk abin da ya biyo baya yana wuyansa.

Malaman Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid suka sani, sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan mutane da ya tafi da su wurinsa. Ke nan wanda ya ɗauki fanka ko injin ruwa ya kai shagonsa, shi ke da alhakin tsaronsu. Aikin da aka yi a cikin gida kuwa, lamuni yana hawa kansa ne idan ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka sa shi. Idan saɓani ya taso, a kai wa malami masani tare da wani ma'aikaci amintacce da zai duba aikin.

Satar wuta da zaman gidan haya

Akwai wata magana da wasu ma'aikata ke raɗa wa maigida bayan sun gama aiki: "In kana so, sai in taɓa maka kontar, faktir ya sauko." Wani kuma ya ce zai bi da layin kilim ta bayan kontar. Amsar Musulmi a nan guda ce. Wuta haja ce da ake sayarwa da awo, shan ta ba biya cin dukiyar jama'a ne, kuma tsadar rayuwa ba ta halatta shi. Dokar lantarki da aka kafa a Nijar a 2016 ta tanadi hukunci a kan haka, kuma mai gidan da sunansa ke kan kontar shi za a fara tuhuma. Ban da wannan, layin da aka bi da shi ta bayan kontar ba shi da disjontar ko ɗaya da ke tsaronsa, in ya haɗu ba abin da zai tsayar da shi. Daɗin daɗawa, mutumin da ya yarda ya cuci kamfani dominka, me zai hana shi cutarka domin kansa?

Haka nan al'adar nan ta jan waya daga gida zuwa gida, a bi ta kan katanga ko a binne ta a rairayin titi ba tiyo, don a taimaki maƙwabci. Niyyar tana da kyau, amma da damina yaran unguwa ne ke tafiya ba takalmi a kan wannan waya. Taimakon da ya fi shi ne a tallafa wa maƙwabcin ya nemi nasa kontar.

A gidan haya kuwa, inda iyalai huɗu ko biyar ke tarayya a kontar ɗaya, rabon faktir ya sha raba zumunci. Maganinsa shi ne a sa wa kowane ɗaki ƙaramin kontar nasa da disjontar nasa, kowa ya biya abin da ya sha, matsalar ɗaki ɗaya kuma ba ta jefa saura cikin duhu ba. Gyaran tsohuwar waya da tabulo na mai gida ne, ƙwan fitila da abin da ɗan haya ya ɓata da hannunsa nasa ne. Kada ɗan haya ya ƙara layi ko ya kafa kilim sai da iznin mai gida, a kuma yi magana tun farko a kan wanda zai biya.

Gurup da hasken rana

Wanda zai haɗa gurup da wayar gida, lalle ne a sa masa makunnin sauya layi, wanda ke raba gida da wutar kamfani kafin ya karɓi ta gurup. Jona gurup kai tsaye a piriz yana tura wuta baya zuwa fal-waya, inda wataƙila wani ma'aikaci yana sama yana gyara, ya sakankance layi a mace yake. Idan wutar kamfani ta dawo kuma, gurup ɗin da kayan gida su ne za su ƙone. Sannan ba a kunna gurup a ɗaki, ko a zaure, ko a bakin tagar ɗakin kwana, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci. Ba a kuma zuba masa mai yana aiki.

Aikin hasken rana shi ma fanni ne mai zaman kansa, ba duk mai jan wayar gida ne ya iya shi ba. Wayar da ke tsakanin batir da na'urar juya wuta tana ɗaukar ampiya masu yawa, don haka dole ta zama gajera mai kauri, da fiz a kusa da batir. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta idan yana caji, sai a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da murhu da hannun yara.

Ranar aiki da karɓarsa

Ma'aikaci baƙo ne da zai shiga har ƙuryar ɗaki. A sa masa rana da maigida ko babban ɗa yake nan, a sanar da matan gida tun da wuri su kintsa, a kawar da kuɗi da kayan ado don a tsare kowa daga zargi, a kuma janye yara daga wurin. A ba shi ruwa, a nuna masa wurin alwala idan lokacin salla ya yi. Shi ma ya yi sallama kafin ya shiga kowane sashe, ya tsare idonsa da bakinsa, abin da ya gani a gidan mutane ya bar shi a can.

Kafin a toshe bango, maigida ya duba. Waya ta bi cikin tiyo, ba a binne ta tsirara a siminti ko laka ba. Haɗi ya kasance cikin akwatin haɗi mai murfi, an ɗaure da domino, ba a murɗa an naɗe da baƙin salatif an jefa saman silin ba, domin sakakken haɗi shi ne uwar yawancin zafin waya. Piriz ya yi nesa da wurin wanka da famfo, na tsakar gida ya zama mai murfi saboda ruwan sama, na ɗakin yara ya zama mai rufaffen baki. A rubuta sunan kowane layi a ƙarƙashin disjontar ɗinsa. Daga nan a kunna komai a lokaci guda na ɗan lokaci, a taɓa tabulo a ji ko ya yi zafi, a danna maɓallin T a ga wuta ta yanke. A ƙarshe a kira uwargida da manyan yara a nuna musu babban disjontar da yadda ake sauke shi, kada kuma a tare gabansa da buhuna ko kabad.

Idan tsautsayi ya auku

Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu, domin mai ceto zai zama na biyu. A ruga a sauke disjontar. In ba a kai gare shi ba, a tsaya a busasshen wuri a ture wayar da busasshen itace, kamar taɓarya ko sanda. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Idan ba ya numfashi, wanda ya iya ya fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya iso. Ɗura wa wanda ya suma madara ko ruwa ba ya fitar da wuta daga jiki, shaƙe shi kawai zai yi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi gidan likita, don ƙunar lantarki ta ciki ta fi ta waje, kuma zuciya tana iya rikicewa daga baya.

Idan kuwa waya ce ta kama da wuta, a fara yanke lantarki, a fitar da yara da tsofaffi, kada a watsa ruwa matuƙar layi yana da rai. Rairayi, wanda ba gidan da ya rasa shi, ya fi ruwa amfani a nan.

Ƴan uwa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci al'ummarsa da kashe fitilu da wuta kafin kwanciya, saboda tsoron gobara. Fitilar wancan zamani ta mai da lagwani ce, tamu kuwa tana cikin bango, kuma kula da ita yana farawa ne daga zaɓen wanda zai ja ta. Muna kira ga kowane maigida da ya keɓe rana guda kafin zafi ya tsananta, ya kira ma'aikaci amintacce ya duba masa tabulo da layin ƙasa da wuraren haɗi, tun ba abin da ya lalace. Muna kuma kira ga ƴan uwanmu masu wannan sana'a da su riƙe gaskiya a abin da ke ɓoye cikin bango kamar yadda suke riƙe ta a abin da ido ke gani. Allah ya tsare gidajenmu daga gobara, ya sa albarka a sana'ar masu sana'a, amin.

Wassalamu alaikum.